Shekara bakwai da Land Cruiser 80: abin da ta yi mini da abin da na yi mata

Ranar da na je ganinta, mai ita ya riga ya wanke ta tas, har tayoyin ya shafa wa mai suna ta ƙyalli. Na zagaya ta sau biyu, na buɗe ƙofa na rufe, na ji ƙarar nan mai nauyi, shi ke nan zuciyata ta gama ciniki tun bakina bai buɗe ba. Bakaniken da na tafi da shi ko kallon fentin bai yi ba. Kwali ya shimfiɗa ya shige ƙarƙashi, ya yi kusan minti ashirin ina jin ƙwanƙwasar sifana, sannan ya fito yana goge hannu ya ce, "Maigida, ƙashinta lafiya lau. Amma duk wata roba da ke jikinta ta mutu." Rabin farko na maganar na ɗauka na sa a aljihu, na biyun kuwa a nan na bar shi. Na yi shekara biyu ina biyan bashin wannan kunnen ƙashi.

Motar Toyota Land Cruiser ce, samfurin da ake kira 80, ƙirar 1994, mai injin dizal 1HZ da giyar hannu biyar. Mitarta na nuna kilomita 340,000 da 'yan kai sa'ad da na karɓe ta. A Japan an ƙera wannan samfurin daga 1990 zuwa 1997. Wadda ta gabace ta, 60, a kan sifirin falle-falle irin na manyan motoci take zaune, in ka yi doguwar tafiya cikinta ƙugunka zai ba da labari. Wadda ta gaje ta a 1998, wato 100, yawancinsu an raba musu ƙafafun gaba, kowace tana motsi ita kaɗai, ta fi taushi a kwalta amma ta ƙara sassan da za su iya lalacewa. Ita 80 ta faɗo a tsakiya: aksil ɗin gaba da na baya kowanne ƙarfe ɗaya ne miƙaƙƙe daga wannan taya zuwa waccan, sai aka ɗora ta a kan murɗaɗɗen sifirin. Ƙarfin tsohon yayi, zaman sabon yayi. Wannan haɗin ne ya sa har yau masu harkar jeji suke bin ta da ido.

Kada kowa ya ruɗe ka a kan injin. Silinda shida a jere, lita 4.2, ba tobo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ƙarin ƙarfi), ba kwamfuta. Ƙarfin doki kusan 130 ne kawai, kuma shi zai ja motar da ta haura tan biyu tun ba a sa mata ko jaka ɗaya ba. In za ka wuce tirela, tun daga nesa za ka fara shiri, ka sauko giya ta huɗu, ka danne totur, ka jira. Ka ƙara jira. A gudun 90 zuwa 100 hankalinta kwance yake, ta kai 110 kuwa sai kowa a cikin motar ya fara ɗaga murya. In hawa ya yi tsawo ka yi mata gardama ka ƙi sauko da giya, baƙin hayaƙi kawai za ta ba na bayanka, gudun ba zai ƙaru ba. Matata ta taɓa cewa motar nan ba ta san ana sauri a duniya ba, ban kuma iya musa mata ba.

Sai ka sauka daga kwalta za ka gane abin da aka yi injin dominsa. Ƙarfinsa a ƙasa-ƙasa yake, tun bai ɗaga murya ba. Akwai ƙaramin sandan giya kusa da babban, mai matsayi huɗu: H2 (ƙafafun baya kaɗai ke ja), H4 (ƙafa huɗu a gudu na yau da kullum), N (firi) da L4 (ƙafa huɗu a ƙaramin gudu). Ka sa L4, wadda ke rage gudu kusan ninki biyu da rabi ta mai da shi ƙarfi, ka sa giya ta ɗaya, ka ɗauke ƙafarka daga totur gaba ɗaya. Za ta hau kan duwatsu da kanta a hankali, tana ƙuƙ-ƙuƙ-ƙuƙ, kai naka riƙe sitiyari ne. Da safe ma ladabinta ɗaya ne: ka murɗa makulli, ka jira fitilar hita ta mutu, ka tayar. A shekara bakwai sau ɗaya ta ƙi tashi, shi ma ni na bar tanki ya ƙafe iska ta shiga layi. Akwai ɗan famfon hannu a saman filtar mai, na yi ta dannawa har ya yi tauri, ta tashi.

Tawa irin wadda ƙafafun baya ne kaɗai ke ja sai in ka sa fowil da kanka. Kafin nan kuma sai ka sauko ka murɗa makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba daga FREE zuwa LOCK. Darasin da kowa ke koya sau ɗaya shi ne a murɗa su tun ƙasa na bushe, don murɗa su kana tsaye cikin taɓo har gwiwa ba daɗi. Darasi na biyu ya fi tsada. Na taɓa fitowa daga laka na hau kwalta na manta ta a H4. A kwana ta farko sitiyari ya yi nauyi, tayoyi suna ƙara kamar ana jan su, ƙaramin sandan giyar kuma ya ƙi fita ko da na sa hannu biyu. Dalilin shi ne a kwana tayoyin gaba sun fi na baya yin nisa, a wannan irin kuma babu abin da ke raba musu gardama a tsakiya. A ƙasa mai santsi taya ɗaya za ta ɗan zame a huta, a kwalta kuwa ƙarfen farfela da haƙoran giya ne ke shan murɗar. Sai da na yi baya kamar taku goma sannan ta saki. Masu irin da ke ja da ƙafa huɗu kullum ba su da wannan damuwar, sai in sun danna maɓallin kulle tsakiyar sun manta.

Yanzu ga inda na fi son a saurare ni, don nan ne kuɗina suka fi tafiya a banza.

Wata uku da sayenta na fara kallon hotunan motocin mutane a intanet, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala. Na sa aka ɗaga ta inci 3. Na cire siraran tayoyinta na asali, 7.50R16, na sa 285/75R16 masu manyan haƙora na laka. Na sa bambar ƙarfe a gaba, na ɗora kariya mai tsawon rufin gaba ɗaya, a kanta safaya ta biyu da jarkoki. Wallahi ta yi kyau. Duk inda na tsaya sai wani ya zo ya leƙa. Su kuwa robobin da bakanike ya ce sun mutu, suna nan a mace, na dai ƙara musu kaya ne.

Abin da ya fara canzawa shan mai ne. Da ina ganin lita 12 zuwa 13 a kilomita 100, sai ya koma 15, wani lokaci ya wuce in iska na gabana, don kariyar nan kamar bango take a sama. Giya ta biyar ta zama ta ado, ɗan hawa kaɗan sai ta nemi a sauko. Mita ta fara yi mini ƙarya, in ta ce 100 wayata na nuna kusan 104, saboda tayar ta fi girma. Duk wannan na haƙura da shi. Wanda ban iya haƙura da shi ba ya same ni wata rana da yamma, iyalina duka suna ciki, ina kan 80, tayar dama ta faɗa wani ɗan rami da bai kai a kula shi ba. Sitiyarin ya kama karkarwa hagu da dama da ƙarfin da ya nemi fizge hannuna, gaban motar gaba ɗaya yana rawa, kofin da ke kan dashbod ya yi tsalle. Taka birki bai tsayar da abin ba sai da gudu ya sauko kusan 30. Turawa masu wannan harka girgizar mutuwa suke kiransa, kuma wanda ya sa sunan ya taɓa shiga ciki. Na tsaya a gefen hanya, ƙaramar 'yata ta ce, "Baba, motar tana jin sanyi ne?" Babu wanda ya yi dariya.

Bakaniken bai ce "ai na faɗa maka" ba, abin da ya fi zagi ciwo. Keken yaronsa ya jawo ya nuna mini ƙarfen da ke riƙe tayar gaba. "Ka ga yadda ya ɗan kwanta baya? Shi ya sa in ka saki hannu keke yake miƙewa da kansa. Motarka ma haka aka yi ta. Da ka ɗaga ta, hannayen da ke riƙe aksil suka juya shi gaba, kwanciyar nan ta tafi." Ma'ana tayoyin gaba sun daina sanin inda tsakiya yake. Ka haɗa wannan da bushin ɗin sandan da ke hana aksil zamewa gefe, wanda ya riga ya ruɓe, da tayirod mai wasa, da tayoyi masu nauyi da ba a daidaita su da kyau ba, to ƙaramin rami ya isa ya tayar da rikicin. Ya ƙara nuna mini wani abu da ban san da shi ba. A bayan motar akwai wani bawul da ke auna yadda bodi ya sauka kan aksil, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi in an yi lodi, ya rage in babu kowa. Da na ɗaga motar, bawul ɗin ya ɗauka kullum fayau take. Wata da watanni ina yawo da lodi a kan birkin gaba kusan shi kaɗai.

Gyaran da ya biyo baya shi ne wanda ya kamata in fara da shi tun ranar farko, kuma babu ko ɗaya a cikinsa da ake gani daga waje. Na zauna a garejin ranar da aka buɗe gwiwoyin gaba, don in ga abin da ke ciki. A ƙarshen aksil ta kowane gefe akwai ƙwallon ƙarfe kamar ƙwarya, cikinsa akwai gaɓar da ke ba tayar damar juyawa tana ja, wadda ake kira Birfield. Wurin giris ne zalla. Can ciki kuma akwai ɗan ƙaramin sil guda, aikinsa ya hana man giyar aksil ƙetarowa. In ya tsufa sai man ya shigo ya narkar da giris ɗin, su zama wani ruwa-ruwa mai launin toka, yana tsiyaya ta bayan taya. Tawa da aka zare, kwano guda aka tara a kowane gefe, ga wari. Na daɗe ina ganin wannan danshin a cikin tayar ina cewa ai tsohuwar mota ce. Boris ɗin sama da na ƙasa da gwiwar ke juyawa a kansu sun yi gurbi-gurbi, in ka juya da hannu kana jin yana tsallake. Ƙusoshi huɗun da ke riƙe hannun sitiyari a ƙasan gwiwar dama, biyu sun kwance har ana juya su da yatsa. Nan jikina ya yi sanyi fiye da ranar girgizar.

Yini guda cur aka yi. Abin da ya burge ni shi ne mutumin bai yarda da "ya ɗauru" na hannu ba. Ɗan ma'aunin nan mai ƙugiya ya saƙala a hannun gwiwar ya ja, yana karanta nauyin da take buƙata kafin ta motsa, ya cire siririn falle ɗaya ya sa wani, ya sake ja. Giris ma iri biyu ya yi amfani da su, baƙi mai moli a cikin gwiwar, na boris kuma daban. In bakanikenka bai san wannan bambancin ba, nemi wani tun kafin ya kwance. Wani abin kuma laifina ne: sil ɗin farko da na kawo mai araha ne, kwalinsa ya yi kama da na asali, wata uku ya fara yoyo aka sake buɗe komai. A sassan da sai an yi yini kafin a kai gare su, araha ba ta ado.

Bayan nan aka sauke ta zuwa inci 2, aka sa bushin masu maido da kwanciyar aksil, aka gyara bawul ɗin birki, aka canza duk robobin ƙafa da tiyo-tiyon ruwa da na birki. Motar da na fito da ita ranar ban taɓa tuƙa irinta ba. Ashe shekara biyu ban san yadda 80 take tafiya ba.

Tayoyin laka ma ba su daɗe ba, kuma wani dattijo ne ya raba ni da su. Na kafe a yashin wani busasshen rafi, na sa L4 na yi ta ba ta wuta, tana ta haƙa wa kanta kabari har cikinta ya zauna. Sai ga shi a wata tsohuwar a-kori-kura mai siraran tayoyi, ba ɗagi ba komai, ya wuce ta gefena salin-alin, ya tsaya a tsallake ya dawo da ƙafa. Ya dubi tayoyina ya ce, "Ɗana, iska nawa ka sa?" Na ce, "36, Baba." Ya tsuguna ya tsinci ɗan tsinke ya danna bakin bawul. Muka sauke su zuwa 18, muka kwashe yashin gaban kowace taya da hannu, ya ce in sa giya ta biyu in taka kamar mai tsoron tada barci. Ta fito kamar ba ita ba. Taya in ta yi laushi tafinta tsawo yake ƙarawa, sai ta hau kan yashi maimakon ta nutse, manyan haƙoran da nake taƙama da su kuwa a yashi shebur ne. Sai dai wanda ya rage iska kada ya yi gudu ko ya karya kwana da ƙarfi, taya na iya fita daga bakin rim, kuma dole a mayar da iskar kafin a hau kwalta. Yanzu tayoyina masu matsakaicin haƙora ne, kunnena ma ya huta da kukansu.

Cikin duk abin da na ƙara mata, uku ne zan sake saya in an koma baya. Na farko makullin aksil ɗin baya, wanda ke tilasta wa tayoyin baya biyu su juya tare. Mutane da yawa ba su san cewa "ƙafa huɗu" sau da yawa biyu ne ba: a kowane aksil ƙarfi yana gudu ne zuwa tayar da ta fi sauƙin juyawa, don haka in ta gaba ta hagu da ta baya ta dama suka rataye a iska, su za su yi ta juyi, masu taka ƙasa suna kallo. Wasu 80 sun fito daga kamfani da makulli gaba da baya, in ka samu irinsu ka riƙe da kyau. Tawa ba ta da shi, sai na sa na ARB, kamfanin Ostareliya, mai aiki da iska. Na biyu shi ne kwamfuresan da ya zo tare da shi, wanda da shi nake mayar wa tayoyi iska. Na uku ko suna ba shi da shi, 'yan siraran tiyo ne da aka ja daga hancin numfashin aksil zuwa sama cikin ɗakin inji. Aksil mai zafi in ya shiga ruwan sanyi, iskar cikinsa na tsukewa ya zuƙo ruwa. Kafin in sa su na taɓa sauke man aksil ya fito fari kamar madara.

An sha ba ni shawarar in sa mata tobo, kuma ranar da tirela ta hana ni wucewa nakan ji shawarar ta yi daɗi. Ban yi ba. Toyota ta yi nata injin mai tobo a wannan samfurin, 1HD-T, daga baya 1HD-FT, kuma yadda suke fesa mai da fistin ɗinsu daban ne. Shi 1HZ yana da wasu ƙananan ɗakunan ƙona mai a kansa, yana matse iska ninki sama da 22, in aka ƙara masa zafi ba tare da lissafi ba kan injin ko fistin ne ke fashewa. Wanda yake son gudu ya sayi mai tobon tun farko, ko mai fetur 1FZ-FE lita 4.5, in ya shirya zama abokin masu gidan mai.

Abin da take nema a wurina bai da yawa, amma ba ta yafewa. Baƙin mai kusan lita 10 duk kilomita 5,000. Giris a farfela da gwiwoyi, musamman bayan ruwa. Taimin bel duk kilomita 100,000, har fitila gare shi a dashbod, kuma shi ne roba ɗaya tilo da na ji maganar bakanike a kansa tun makon farko, don in ya tsinke fistin da bawul ne ke karo. Lagireto na canza a shekara ta uku tun bai nuna komai ba. Mai shirin saye kuma, fenti da kujeru su zo a ƙarshe. Ka shiga ƙarƙashi da fitila ka ƙwanƙwasa shasi, ka duba tsatsa a bakin rufi da ƙasan gilashin baya, ka leƙa bayan tayoyin gaba. Ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso, don injin da ya kwana ba ya ɓoye komai. Lambar mita kuwa kada ka ɗora mata nauyi sosai, robar feda da sitiyari sun fi ta gaskiya.

Ba kowa zan ce ya saye ta ba. Tawa ba ta da jakar iska, ba ta da ABS mai hana tayoyi kullewa in an taka birki da ƙarfi, birkinta na son a ba shi fili, kuma doguwa ce, in ka karya sitiyari da gudu za ta tuna maka. Wanda tafiyarsa daga gida zuwa ofis ce a cikin cunkoso, ƙafarsa ta hagu za ta tsine masa, mota ƙarama ta fi masa ta kowace fuska. Wanda kuma ba ya son shiga ƙarƙashin mota, ko ba shi da bakaniken da ya yarda da shi, tsufanta zai gajiyar da shi. Amma wanda hanyarsa ke ƙarewa kafin ya isa inda za shi, kuma yake son motar da za a iya gyarawa da akwatin sifana ɗaya, ban tuƙa wadda ta fi ta ba.

Kariyar rufin tana jingine a bangon bayan gida shekara huɗu ke nan, yara sun mai da ita tsani. Mita ta wuce 450,000, ba a taɓa buɗe injin ba. Kuloci ne ya fara zamewa a giya ta huɗu in an yi lodi, mako mai zuwa za a sauke giya. Bakaniken ya ce in zo da sassafe, in kuma taho da sil ɗin bayan inji tunda dai za a buɗe wurin. Na riga na saya, na asali, yana cikin aljihun ƙofa.